Furannin Mama Sun Buɗe

Yaya,

Na fita, motar aiki ba ta jira, shi ya sa ban tashe ka ba.

Irin furen nan mai suna fofi da Mama ta watsa a bayan ɗakin girki kafin rasuwarta, yau furanninsa sun buɗe. Jajaye, shara-shara kamar mayafinta, iska na kaɗa su. Na tsaya kallo har shayina ya huce, sai na ji kamar tana can tana ban ruwa.

Ka leƙa kafin rana ta take, ba sa daɗewa. Kuma kai da fartanyar nan taka, don Allah kada ka tumɓuke su in sun bushe. Irin yana cikin kawunan. Ka bar iska ta watsa shi, baɗi Mama ta sake leƙo mu.

Ƙanwarka