Mutumin da Ya Kulle Ƙofar Ya Zo Neman Yafiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidana, Malam Bukar, Baban Falmata. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ka saba samu daga gare ni, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwancinka, Ya haskaka shi. Mu nan muna lafiya, muna nan cikin gidanku na Gwale inda ka bar mu. Na san wannan rubutu ba zai iske ka ba, mutane ne za su karanta shi a waya, yawancinsu ba su taɓa jin sunanka ba. Amma da kai nake magana, domin abin da ya faru a soron gidan nan makon jiya ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Kafin in kai can, bari in ba ka labarin ranar da ka fita, yadda ta kasance a wajenmu.

Lahadi ce. Ka dawo daga rumfarka ta Jakara da wuri, hannunka duk sitaci, ka ce ka bar hulunan mutane a shanya, maƙwabcinka zai kwashe maka. Na zuba maka garau-garau, ka tsaya kana ci a tsaye. Na ce ka zauna mana, ka ce in ka zauna Modu zai tafi ya bar ka. Shi kuwa ƙanin naka yana waje a kan babur yana ta danna hon. Falmata tana rarrafe a lokacin, ta zo ta riƙe ƙafar wandonka, sai da na ɓamɓare yatsunta. Har ka kai bakin ƙofa ka juyo ka ce, “In mun ci akwai tsire. In an ci mu, kar wanda ya yi mini magana sai da safe.”

Ka san ban taɓa gane abin da kuke gani a ƙwallo ba. Nakan zolaye ka in ce magidanci da gemunsa yana ihu saboda yara suna guje-guje. Kai kuma amsarka ɗaya ce: “Duk mako ina sunkuye a kan hulunan mutane, ki bar ni rana ɗaya in ɗaga kai.” Ban taɓa hana ka ba. Wani lokacin ma ina jin daɗin yadda kake dawowa murya a dashe, kana ba mahaifiyarka Inna labarin wasan, ita tana gyaɗa kai alhali ba ta san ko mutum nawa ake yi ba.

Bayan la’asar na fara jin hayaniya a lungu, ana ta kiran waya, mata suna leƙowa. Aka ce an yi turmutsitsi a filin wasa. Na kira lambarka, tana shiga ba a ɗauka. Na ce a raina ihu ne ya hana ka ji. Na ci gaba da tankaɗen garin tuwo.

Dab da magariba Modu ya shigo. Ba takalmi, rigarsa a yage har ƙasa, idanunsa jajur. Inna tana alwala, ta ɗago ta ce, “Ina yayanka?” Ya zauna a ƙasa a tsakar gida kamar ƙaramin yaro, ya kifa kai a gwiwa. Inna ta ajiye butar a hankali, ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji’un, ta ƙarasa wanke ƙafarta. Ni ban san lokacin da na zube ba.

Da safe, bayan an yi maka wanka, aka ce in shigo in yi maka addu’a kafin a rufe fuskarka. Na shiga ina tsoron abin da zan gani. Babu rauni, Malam. Babu jini ko ɗigo. Fuskarka kamar ta mai barcin rana. Numfashi kawai aka hana ka, a fili, da rana tsaka, ga iska ko’ina. Wannan shi ne abin da har yau zuciyata ta kasa ɗauka.

Modu ya daɗe kafin ya iya ba ni labarin. Ya ce kun isa da tikitinku a hannu, kuka shiga layi a wani siririn lungu mai katanga hagu da dama. Kuna dab da shiga aka ja ƙofar ƙarfe aka kulle. Na baya ba su san an rufe ba, suna ta matsowa. Sai aka yi ihu a ciki, aka ɗauka an fara wasa, turin ya ƙaru. Jami’an tsaro da ke bayan taron suka harba barkonon tsohuwa don a watse, mutane kuwa ba su da inda za su gudu sai gaba, wajen ƙofar da ke kulle. Ya ce ka sa kafaɗa ka tura shi sama har ya kama bakin katanga, ka ce masa, “Hau, ina bayanka.” Da ya hau ya juyo ya miƙo hannu, bai ƙara ganin kanka ba.

Ban gama takaba ba muka ji wani babba yana bayani a rediyo. Ya ce wasu ɓata-gari ne marasa tikiti suka nemi fasa ƙofa da ƙarfi, shi ya jawo abin da ya faru. Inna tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ta ce in maimaita mata abin da ya ce. Na maimaita. Ta ce, “Bukar ne ɓata-gari?” Kai da ko layin famfo ba ka taɓa tsallake yaro ba. Kai da masu hula suke barin kayansu a wajenka wata da watanni ba ko takarda. Daga ranar ba a sake kunna rediyo a ɗakinta ba.

Sun zo mana ta’aziyya, ba zan ce ba su zo ba. Motoci sun cika bakin layi, da masu ɗaukar hoto. An sauke buhun shinkafa a ƙofar gida, an yi addu’a, an ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. An ce an kafa kwamiti, duk wanda aka samu da laifi zai ɗanɗana kuɗarsa. Modu ya je gaban kwamitin ya faɗi abin da ya gani, ya dawo da zazzaɓi. Daga nan shiru. Da ya koma bin sawu sai a ce masa mai ofis ɗin ya yi tafiya, har ya gaji ya daina. Ba a daɗe ba aka sake fenti, aka ci gaba da wasa.

Inna ta biyo ka lokacin Falmata tana firamare. A ciwonta na ƙarshe, duk wanda ya zo dubiya sai ta riƙe hannunsa ta ce, “Ɗana da tikitinsa ya je.” Wasu ba su ma san zancen da take yi ba.

Modu kuma bai koma yadda ka san shi ba. Ba ya kallon ƙwallo ko a talabijin ɗin mai shayi. Ranar Juma’a a sahun waje yake sallah, ko da rana na dukansa. Kasuwar Kurmi da kuka tashi a cikinta, yanzu ba ya iya ratsa lungunanta in da cunkoso, sai ya zagaya. Shi ya riƙe rumfarka, shi yake riƙe da mu, bai taɓa nuna gajiya ba. Amma na san kullum yana kan katangar nan yana miƙa hannu.

To, makon jiya da hantsi liman ɗin unguwa ya yi sallama, ya ce yana tare da baƙo mai son ganin iyalinka. Na sa hijabi na fito soro, Modu ma ya zo. Wani dattijo ne ramamme, yana dogara sanda, ya ce sunansa Malam Tanko. Ya ƙi hawa tabarma, ya zauna a ƙasa. Muka gaisa, liman ya ce masa ya yi magana. Sai dattijon ya ce, “Ni ne mai gadin ƙofar da mijinki ya rasu a bakinta. Da hannuna na sa kwaɗon.”

Ya ci gaba da bayani. Ya ce tun kafin ku iso wajen zama ya cika, saboda an sayar da tikiti fiye da kima, kuma an yi ta shigar da mutane ta bayan fage. Wani shugabansa ya zo ya ce a rufe, manyan baƙi sun kusa isowa, ba a son hargitsi. Ya rufe. Mutumin ya karɓi makullin ya jefa a aljihu, ya tafi tarar baƙi. Da aka fara salati a bayan ƙofar ya aika a nemo shi, ba a bar ɗan aiken ya shiga wajen manya ba. Ya ɗauki dutse ya yi ta dukan kwaɗon har yatsunsa suka fashe. Hannaye suna fitowa ta tsakanin ƙarfen suna kama rigarsa. Ya ce har yau in ya kwanta yana jin ana jan rigar.

Ya ce ya faɗi duk wannan a gaban kwamiti. Aka yi masa godiya, bayan ɗan lokaci aka sallame shi daga aiki. Wanda ya tafi da makullin kuwa gaba ya ci. Shi Malam Tanko yanzu ciwo ya kama shi, ya san ba nisa, shi ne yake bin gidajen mamatan da ya iya ganowa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun saurare shi, wasu sun kore shi, ya ce bai ga laifinsu ba. Ya ce, “Na ga yawan mutanen da ke cikin lungun. Da na ce ba zan rufe ba, iyakaci a kore ni. Tsoro na ji. Ku yafe mini don Allah.”

Modu ya miƙe ya fita. Na ji tashin babur ɗinsa.

Ni kuwa shekara da shekaru ina tanadin maganar da zan gaya wa wanda ya kulle ƙofar nan in Allah Ya haɗa mu. Ga shi a gabana, sai na nemi maganar na rasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Ka gan shi? Dogo ne, baƙi, da farar riga.” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Malama, ba zan yi miki ƙarya ba. Ban iya bambance fuskar kowa ba.” Sai na kama kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da kai.

Da na natsu na ce masa na yafe abin da yake nawa. Na ce haƙƙinka da na Inna da na Falmata ba a hannuna suke ba, ba zan iya kyauta da abin da ba nawa ba. Ya ce hakan ma ya gode. Liman ya yi addu’a, ya kama shi ya miƙe, suka tafi a hankali.

Falmata tana bayan ƙyaure, ta ji komai. Ta zama budurwa, Malam, tana sakandare, tsayinka ta ɗauko da yadda kake haɗe gira in kana tunani. Ta ce, “Umma, shi ne ya kashe Baba?” Na ce a’a, sannan na ce ban sani ba. Na ce mata shi dai ya sa kwaɗo, kuma shi kaɗai ne ya tako ya zo. Wanda ya buga tikitin da ya san babu wajen zamansa bai zo ba. Wanda ya tafi da makulli bai zo ba, haka wanda ya ce a harba hayaƙi cikin lungun da ba mafita. Wanda ya shiga rediyo ya ɓata sunan matattu don ya wanke na masu rai, shi ne na fi jira, don shi ya kwantar da Inna.

Kar ka ɗauka na yi jayayya da hukuncin Allah. Ajalinka ne, ko kana kan gadonka zai iske ka, na yarda da wannan tun ranar farko. Amma na zauna gaban malamai, ban ji inda aka ce wanda aka ba amanar rayukan mutane ya yi sakaci, sai ya ce ƙaddara ce ya shafa fatiha ya wuce ba. Mu aka ce mu yi haƙuri, mun yi. Su ba wanda ya ce su yi bayani.

Lokaci-lokaci nakan gani a waya an sake yin irin haka a wata ƙasa, ga takalma zube a bakin ƙofa, ga wani babba yana cewa laifin ’yan kallo ne. Ba na iya ƙarasa kallo. Tunanina yakan tafi wajen wata mata a can, wadda ban san yarenta ba, tana kiran lamba tana shiga ba a ɗauka.

Shekaranjiya Modu ya tambayi liman unguwar da Malam Tanko yake. Bai ce zai je ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Ina kewarka, Malam. Ban iya faɗa maka haka kana raye ba, kunya ba ta bar ni ba. Ina kewar tarinka a soro kafin ka yi sallama, da yadda kake gyara mini karatu in na yi kuskure ba tare da ka ɗago kai daga ɗinkin hular da kake yi ba. Abubuwa da yawa sun faru da na so in ba ka labari, in ga ko za ka yi dariya.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Bukar, Ka ba shi ladan waɗanda suka rasu a ƙuntace, Ka buɗe masa yalwar da aka hana shi a ranarsa ta ƙarshe. Ka haɗa shi da Inna a Aljanna. Ka jiƙan duk waɗanda suka faɗi tare da shi, waɗanda muka sani da waɗanda ba wanda ya faɗi sunansu. Ka sassauta wa Modu. Ka sauƙaƙa wa Malam Tanko ciwonsa, Ka karɓi tubansa. Sauran kuwa Ka san su, Ka san inda suke. Ban yafe musu ba, don ba su nema ba.

Ka huta lafiya, Baban Falmata.

Ni ce matarka,
Hauwa’u