Bututun Baba

Litinin, 3 ga Maris
Idon Baba ya yi ɗorawa, ya soshe jikinsa har jini. Likita ta kira ni da Yaya ofishinta. Ciwon daji ne ya danne hanyar da ruwan matsarmama ke bi, kuma ya wuce a yi aiki. Za su zura siririn tiyo mai kyamara ta baki, su saka ɗan bututu ruwan ya samu hanya. Sauƙi ne kawai, ba warkewa ba. Sau biyu ta faɗa.

Muna fitowa Yaya ya ce, "Ciwon shawara ne za ki ce masa. Kin ji ni ko?" Shi da sai ya ga dama yake leƙo mu, yau shi ne mai yanke hukunci.

Alhamis, 6 ga Maris
An saka. Na ƙarfe suka zaɓa, wai na roba sai an riƙa canzawa. Na tambaya ko wannan zai kai shekara. Likita ta ce, "Zai ishe shi." Da ban tambaya ba.

Asabar, 15 ga Maris
Ido ya washe, ƙaiƙayi ya tafi, har ƙarin abinci ya nema. Gida ya cika da 'yan barka. Goggo sai washe baki take, wai dama ta faɗa ba komai ba ne. Yaya yana ta amsa godiya kamar shi ya yi aikin. Ni ina kicin ina wanke musu kofuna, raina kamar ya fashe.

Talata, 18 ga Maris
Na yi wa Yaya tas. Mutum ya shekara arba'in yana gyaran famfo, bai taɓa ɓoye wa mai gida inda ruwa ke yoyo ba, shi ne za a yi masa rufa-rufa a kan jikinsa? Yana da 'yan'uwan da zai so ya nemi gafararsu. Yaya ya ce ba ni da tausayi. Na ce gobe ni zan faɗa masa.

Laraba, 19 ga Maris
Ban samu sarari ba.

Lahadi, 30 ga Maris
Ina yanke masa farce da hantsi ya ce, "Auta, a sana'armu in saiwa ta matse bututu, ko ka sare ta, ko ka zura wani ta ciki ka lallaɓa. Wanne suka yi min?"

Ba kowa a ɗakin. Ba Yaya, ba Goggo, babu wanda zan ɗora wa laifi.

Na ce, "Sun sare ta, Baba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo min ɗaya hannun. "To, madalla. Kada ki gaya wa Yayanki na tambaya. Ba shi da ƙarfin zuciya irin naki."