Kada Mati Ya Taɓa Kwamfutar Nan

Yaya Abdulrahman,

Na tafi Funtua, ban iya jiran ka dawo daga gona ba. Kwamfutarka ta ƙi tashi, kuma ni ce sila. Da safe ta nemi a sabunta ta, na danna, tana cikin yi aka ɗauke wuta. Ka san batirinta ya daɗe da mutuwa. Yanzu in an kunna, sai baƙin allo da layi ɗaya na Turanci.

Na kira Adaku mai gyara, na karanta mata. Ta ce wani fayil ne ya lalace, wanda sauran duka suka dogara da shi. Za ta sa min wani a filas, ɗan abin adana fayil, a tashi kwamfutar da shi, shi na tafi karɓowa a Funtua. Na ce kayan ciki fa? Ta ce sai an gani. 

Ruwa ya hana ni tafiya da kwamfutar. Don Allah kada ka bari Mati mai cajin waya ya taɓa ta. Shi maganinsa ɗaya ne, ya goge komai ya sake zubawa. Muryar marigayi Baba na ciki, inda yake faɗin iyakar gonar Gozaki, ga shi jibi rabon gado. Sau nawa ka ce in tura muryar zuwa waya, ina cewa gobe?

Ka yafe min, Yaya. Ji nake kamar yau muka sake binne Baba.

Najiba