Igiyar Da Aka Ɗaure A Tagar Shagona

Zuwa ga Alhaji, mai benen da muke haya a kusa da kasuwar Taminus, Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Hajara, tela ce a hawa na huɗu. Na fito fili da wannan magana ne domin na gaya wa mai kula da benen, ya ce ba huruminsa ba ne, kai kuma na rasa hanyar ganinka.

Ranka ya daɗe, da farkon damina ka ba da kwangilar fentin bene. Ma'aikatan ba su kafa katako ba, da igiya suke saukowa jikin bango. Da yake rufin kwano ne, babu wurin ɗauri a sama, sai ɗan kwangila ya shigo shagona ya ɗaura igiya a ƙarfen tagata. Na ce masa ƙarfen nan yana girgiza, simintin gefensa ya daɗe da tsagewa. Ya jijjiga shi da hannu ɗaya, ya ce zai ɗauki saniya ma.

Wanda ya sauka a igiyar sunansa Bitrus, magidanci ne daga Anguwan Rukuba. Igiya ɗaya tak aka ba shi. Ina kan keke ina ɗinki, sai na ga garin siminti yana zubowa kan atamfar da ke hannuna. Kafin in miƙe, gefe ɗaya na ƙarfen ya fita daga bango. Na kurma ihu, na cafke igiyar. Maƙwabcina mai aski ya shigo da gudu, muka tokare ƙafafunmu a bango muna ja. Ina jin Bitrus a ƙasa yana cewa, "Mama, kar ki sake!" Allah ya taimake mu ya samu ya dira kan rumfar wani shago. Fatar tafin hannuna ta saluɓe, har yau ba na iya riƙe almakashi sosai.

Da Bitrus ya hawo, ya zauna a ƙasa, ya kasa shan ruwan da na ba shi. Shi ya gaya mini cewa a inda ya koyi aikin, igiya biyu ake yi wa mutum, kowace da maɗaurinta daban, kuma akwai mai tsayawa a shirye domin ceto. A nan da ya tambaya, an ce masa in ba zai yi ba akwai masu jira.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, an zo an liƙa siminti a ƙarfen, an ce ranar Litinin za su dawo su sake ɗaura igiya a jikinsa, su yi fentin bayan bene. A bayan benen kuwa babu rumfa. Mata masu sayar da dankali da kabeji ne zaune a gindin bangon, wasu da goyo.

Don haka ina roƙonka:

Na ɗaya, a dakatar da aikin har sai wanda ya san sana'ar ya kafa maɗauri na gaskiya a jikin ginin.

Na biyu, kada kowa ya sake sauka sai da igiya biyu da mai ceto, kuma a matsar da matan ƙasa kafin a fara.

Na uku, kada a kori Bitrus don ya yi mini bayani. Ni na matsa masa.

Ranar Litinin zan kulle shagona in tafi da makulli. Amma Alhaji, tagar mai aski ma irin tawa ce, shi kuma ba ya iya ce wa mai kula da bene a'a. Kai kaɗai za ka iya hanawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki, ya tsare benenka daga zubar jinin kowa.

Wassalam.

Hajara Tela, hawa na huɗu.