Tabon Mustad a Kafet ɗin Ɗakin Taro

Daga: Shugabar Masu Share-share, Hawa na Uku
Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Kula da Ma'aikata
Kwanan wata: 14 ga Maris

Game da: Takardar tuhumar da aka ba ni kan lalata kafet ɗin ɗakin taro

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Ranar Talata 11 ga wata, a taron shugabanni, mustad, wannan rawayar miya da ake shafa wa burodi, ya zube a farin kafet kusa da kujerar Manaja. Ƙarfe goma sha biyu da rabi ya zube, sai ƙarfe uku aka kira ni.

2. Shekara goma sha tara ina wannan aiki. Ba a dirzar mustad. Kwashe shi ake yi da cokali, a danna da farin ƙyalle, a bi da ruwan sanyi da ɗan ruwan khal, wato ruwan tsami na kwalba. Da an kira ni da wuri, da minti ashirin ya isa.

3. Ko da na shiga, na tarar da Mataimakin Manaja durƙushe, ya zuba tafasasshen ruwa da garin sabulu, yana ta dirza da buroshin banɗaki. Tabon da bai fi tafin hannu ba ya zama faɗin faranti, ya koma ja. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, na rufa.

4. Jiya aka miƙo mini takarda cewa ni na ɓata kafet ɗin saboda rashin sanin aiki, kuma in miƙa makullai in bar aiki ranar Litinin 17 ga wata. Da sa hannun Mataimakin Manajan a ƙasa. Ranka ya daɗe, raina ya ɓaci ƙwarai, na kasa cin abinci.

Saboda haka ina roƙon a dakatar da wannan umarni, a ɗauko ragowar kafet ɗin da ke sito, a zuba masa mustad wuri biyu a gabanka. Mataimakin Manaja ya wanke ɗaya, in wanke ɗaya. Wanda nasa ya koma ja, shi ya miƙa makullansa.

Ina roƙon a yi haka kafin Litinin. 'Ya'yana huɗu da nake riƙo ni kaɗai ba su san komai ba tukuna, kullum da safe sai in sa kayan aiki in fito.

Allah ya ƙara girma. A gafarce ni idan na yi zafi.

Taka mai biyayya,
Shugabar Masu Share-share, Hawa na Uku
(Sa hannu)