Fanka Ta Koma Wa Kwamfuta

Talata da dare, Maris 2010

Yau an ɗauke fankar ɗakin mata, ita kaɗai ke aiki, an kai wa sabuwar kwamfutar da muke shigar da bayanan marasa lafiya. Metiron, shugabarmu ta ma'aikatan jinya, ta ce, "Sista, abin nan ba ya son zafi."

Tsohuwar da aka kawo daga Ashige tana son zafi ke nan? Zazzaɓi ya jiƙa mata zani sharkaf. Ta ce, "'Yata, ina iskar ta tafi?"

Ina zaune ina laluben haruffan sunanta da yatsa ɗaya, iskarta tana kaɗa ni. Na ji ƙyamar kaina. Na tashi na yi mata fifita da tsohon katinta da aka ce mu daina amfani da shi. Kwamfuta ta gwada wannan mu gani.