Sunan da Na Ƙirƙira a Shagon Aski Zai Hau Takardar Haihuwa

Gwaggo, don Allah ki ba ni shawara kafin ranar Litinin. Na yi wasan da ya fi ƙarfina, yau kwana uku ke nan dariya ta ƙi zuwa mini.

Ni mai aski ne. Shagona kujera biyu ne, da madubi mai tsaga a gefe, da bencin masu jira wanda rabinsu hira kawai ke kawo su. Karatuna na allo ne, na sauke, ban taɓa zama a aji ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Aibina ɗaya kowa ya san shi: tsokana. Na taɓa aske wa abokina gira ɗaya yana gyangyaɗi, sai da ya je gida matarsa ta gaya masa.

Matsalar daga mijin Yayata ta fara, wanda muke kira Digiri a bayan idonsa. Ma'aikacin ofis ne, yana sa tabarau alhali idonsa garau. Duk Asabar yake zuwa aski, kuma ba ya zama sai ya shimfiɗa hankici a kan kujera. Rabin kansa sanƙo ne, amma sai ya yi ta koya mini yadda ake aski a ƙasashen da ko a mafarki bai taɓa zuwa ba.

Yaya ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Shekararta tara da aure babu haihuwa, sai bana Allah ya ba ta ciki. Ta so in mace ce a sa mata sunan mahaifiyarmu, Digiri ya ce sunan yana warin tsohon akwati. Wata uku yana latsa waya yana neman suna. Wai dole ya zama ba a taɓa jin shi a unguwa ba, asalinsa daga ƙasa mai nisa, kuma ya yi daɗi a lasifika ranar da za a kira yarinyar karɓar kyauta. Yarinyar da ko numfashin farko ba ta ja ba.

Wata Asabar, tawul a wuyansa, kumfa a haɓarsa, ya ce a gaban mutanen benci wai mu 'yan allo sunaye biyar muka sani, muna ta juya su kamar tsohuwar taya. Aka yi dariya. Ni kuma na ce masa ai a wani tsohon littafin malaminmu da gara ta cinye bangonsa akwai suna Zalmiriya, daga yaren mutanen wani tsibiri da teku ta haɗiye, ma'anarsa ruwan farko da ya sauka bayan dogon fari. Wallahi Gwaggo babu littafi, babu tsibiri. Ina sa sabuwar reza sunan ya faɗo mini a baki.

Na zaci zai duba waya ya kama ni, a yi dariya a wuce. Ya duba bai samu ba, sai ya ce wannan ne ya nuna sunan ba na kowa da kowa ba ne. Ya gyara tabarau, wai ya taɓa cin karo da shi a jami'a, mantawa ya yi. Da ya dawo Asabar ta gaba, shi ya zauna yana ƙara mini ilimi: wai sunan wata sarauniya ce da ta gina makarantu arba'in. Ni da na haifi sunan ban san yana da sarauta ba. Ya sa mai fenti ya rubuta shi a bangon ɗakin jaririya, an ɗinka shi a matashin kai, har wani abokin aikinsa ya roƙi aron sunan in matarsa ta sauka, Digiri ya hana. Duk wannan ina cikin shago ina riƙe ciki don dariya.

Ranar Laraba Yaya ta haihu, mace. Na je asibiti da niyyar in ƙara tsokanarsa, sai na tarar da Yaya ta rungume 'yar tana kiranta da sunan a hankali. Ta kama hannuna tana hawaye, ta ce shekara tara tana cikin fari, ga ruwan ya sauka. Ta ce ta haƙura da sunan mahaifiyarmu ne don wannan ta bakina ya fito, daga littafin malam, yana da albarka. Ta ce ashe autanta yana tunaninta. Na kasa kallonta, na ce zan sha iska, na fita.

Ranar Litinin za su je a rubuta takardar haihuwa. Ko in yi shiru har abada, ko in bari sai gobe Asabar ya zauna a kujerata, kumfa a fuska, in faɗi gaskiya a gaban benci. Ba zan ɓoye miki ba, na biyun ya fi kwanta mini, don mutumin ya daɗe yana neman wannan ranar. Amma in na tuna fuskar Yaya sai in fasa. Yaya zan yi?

Naki,
Mai Aski Mai Tsagaggen Madubi

*

Ɗana Mai Aski,

Na yi dariya a wurin sarauniya mai makarantu arba'in, ba zan yi maka ƙarya ba. Mutumin da zai raina sunan surukarsa, ya rungumi sunan da bai san asalinsa ba don kawai waya ba ta san shi ba, ba ilimi yake nema ba, tafi yake nema. Ya wulaƙanta karatunka a gaban jama'a, kuma bai kyauta ba.

To amma ka duba madubin nan naka, ko da tsagarsa. Shi yana raina ka don ba ka shiga aji ba, kai kana raina shi don ya shiga. Kun yi kama fiye da yadda kake so. Bambancin kawai, shi wautarsa ta gaskiya ce, kai kuwa ka san ƙarya kake yi, ka jingina ta da malaminka, ka kuma yi makonni kana kallon ana fenti. Shi ka yi niyyar jifa, 'yar'uwarka ka samu.

Suna ba ado ba ne. Mutane suna sa shi don ma'ana mai kyau da suke fata ta bi yaro, ko don tunawa da wanda suke ƙauna. Tsufan suna ba aibi ba ne, shaida ce cewa an daɗe ana son shi. Sabon suna ma ba laifi ba ne, in an san sabo ne. Abin da ba ya kyautuwa shi ne yarinya ta girma tana ba da tarihin tsibirin da babu shi, ranar da wani ya bincika a mai da ita abin dariya.

Maganar benci ka bar ta. Za ka ji daɗin minti biyar, sannan Yayarka, da ɗanyen jiki, ta koma gida ta zauna da mijin da ƙanenta ya tozarta. Shirun ma ba mafita ba ne, don duk wanda ke bencin nan ya san halinka, kuma wata rana bakinka zai yi maka ƙaiƙayi.

Ka je wurin Yayarka yau, ita kaɗai. Ka faɗa mata komai ba tare da murmushi ba, kada ka ɗora wa mijinta laifi. Za ta ji zafi, ka tsaya ka sha faɗan. Bayan nan ka sami mijin a keɓe, ka ba shi haƙuri, ka yi masa alkawarin maganar ba za ta fita daga bakinka ba, ka kuma cika. Ka bar masa ƙofa ya gaya wa mutanen ofis cewa shi ya sake shawara don girmama surukarsa. Mai son a yaba masa irinsa ba zai ƙi wannan ba. Fentin bangon kuwa, ka ɗauki buroshi ka shafe da hannunka in sun ce a shafe.

In bayan sun san gaskiya suka ce suna son sunan, ko a takarda ko na kira a gida, 'yarsu ce, ba ruwanka. Fari na shekara tara gaskiya ne, ruwan ma ya sauka, wannan ba kai ka ƙirƙira ba.

Nan da shekara bakwai yarinyar nan za ta hau kujerarka tana kaɗa ƙafa, ta ce Kawu, mene ne ma'anar sunana? Ka gyara tun yau yadda za ka amsa mata kana kallon idonta. Allah ya raya ta, ya ba mai jego lafiya, kai kuma ya sa wa bakinka linzami.

Gwaggo